Me Ke Sa Tsohuwar Motar Dizal Ta Sare a Cikin Tsananin Sanyi?

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2012 wani matsanancin sanyi ya sauka a nahiyar Turai, har ma'aunin zafi ya faɗi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri a wurare da dama na ƙasar Jamus. A cikin waɗannan kwanaki an ga motoci masu yawa a tsaye a gefen manyan hanyoyi, kuma akasarinsu masu shan man dizal ne, wato man da direbobin Nijeriya suka fi kira man gas. Labarin masu motocin kusan iri ɗaya ne. Mota ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiyar 'yan kilomitoci, sai ta fara shaƙewa, a taka totur ba ta amsawa, daga nan ta mutu. Idan aka bar ta ta ɗan huta takan sāke tashi, amma ba za ta yi nisa ba sai ta maimaita.

Wanda bai san kan al'amarin ba zai ɗauka inji ne ya lalace. Galibi kuwa lafiyar injin ƙalau, mai ne ba ya isa gare shi.

Domin a gane haka, ya kamata mai karatu ya fara sanin inda injin dizal ya sha bamban da na fetur. Injin da Rudolf Diesel ya ƙera ya yi aiki a birnin Augsburg a shekarar 1897 ba ya buƙatar tartsatsin fulogi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda, a tsofaffin motoci kamar Peugeot 504 da Mercedes-Benz 240D har ninki ashirin da ɗoriya, sai iskar ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci ake fesa mai, ya kama wuta da kansa. Ashe ke nan ƙarfin injin ya rataya ne a kan yawan man da aka fesa. Totur ba iska yake buɗe wa hanya ba, mai yake ƙarawa. Duk abin da ya tauye man da ke tafiya daga tanki, ta cikin bututu da matata, zuwa famfon feshi, to ya tauye ƙarfin motar nan take.

Kakin da ke cikin mai

Kowane ɗalibi ya taɓa ganin yadda man ja ko man shanu ke daskarewa a cikin kwalba da safiyar hunturu, sai an ajiye shi a rana ko kusa da murhu kafin ya zubu. Abin da ke faruwa da dizal ɗan uwan wannan ne. Dizal haɗe-haɗen sinadarai ne na kabon da haidirojin, kuma a cikinsu akwai masu dogon jiki da ake kira farafin, dangin kakin da ake yin kyandir da shi. A lokacin zafi kakin yana narke a cikin man, ba a ganinsa, har ma yana da amfani domin yana taimaka wa man ya kama wuta da sauri. Da zarar sanyi ya kai wani mataki, sai kakin ya fara fita daga cikin man yana zama ƙananan falle-falle, man ya yi dishi-dishi kamar ruwan da aka wanke shinkafa.

A wannan mataki man yana nan yana gudana, famfo yana iya jan sa. Matsalar tana wurin matata. Ƙofofin takardar matatar mai ba su wuce 'yan mikron ba, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin mikron 70. Falle-fallen kakin suna isa nan su maƙale, su yi ta taruwa har su rufe fuskar takardar. Idan inji yana aiki a tsaye, ɗan man da ke tsiyaya ya ishe shi. Amma da an hau babbar hanya ko an fuskanci tudu, inji ya nemi mai da yawa, sai ya rasa. Ga kuma iskar tafiya tana ƙara sanyaya matatar da bututun da ke ƙarƙashin mota. Idan aka tsaya, ɗumin inji ya ɗan narkar da kakin, shi ya sa motar ke sāke tashi ta yaudari mai ita.

Saboda wannan ne ƙasashen Turai suka kafa ƙa'idar man dizal mai suna EN 590 tun 1993, wadda ta kasa mai aji-aji bisa ga sanyin da zai iya jurewa kafin ya toshe matatar gwaji. A Jamus man bazara yana jure wa digiri sifiri ne kawai, na tsakiyar sanyi kuwa, wanda ake sayarwa daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, sai ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Ƙasashen da ke can kurya ta arewa suna da ajin da ya kai 44. Daga nan ne tambaya ta farko ta mai binciken matsalar take fitowa: yaushe aka sha man da ke cikin tanki, kuma a ina? Motar da aka cika da mai a watan Satumba aka ajiye ta har Janairu, ko wadda ta sha mai a ƙasa mai ɗumi ta haura kan duwatsu, tana ɗauke da man da bai dace da yanayin ba.

Ruwa da mazauna cikinsa

Idan kuwa man na lokacin sanyi ne, sanyin kuma bai wuce digiri biyu ko uku ƙasa da sifiri ba, to zargi ya koma kan ruwa. Tankin da ba a cika ba yana ɗauke da iska mai laima. Da dare ƙarfen tanki ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa a jikinsa, ta gangara. Da yake ruwa ya fi dizal nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, a tanki da kuma gindin matata. A digiri sifiri ya zama ƙanƙara, ya toshe hanya tun kafin kakin ya motsa. Yawancin matatun dizal suna da ɗan kusa a gindinsu domin tsiyaye wannan ruwa, sai dai masu motoci ƙalilan ne ke tunawa da shi.

Wannan ɗan ruwa yana jawo wata ɓarna da ta shafi ilimin halittu kai tsaye. A daidai inda ruwa da mai suka haɗu, ƙananan halittu suna samun duk abin da rayuwa ke buƙata: ruwan sha a ƙasa, abinci a sama, domin akwai bakteriya da fumfuna da ke iya cin sinadaran mai. Mafi shahara a cikinsu ita ce fumfunar da masana ke kira Hormoconis resinae, wadda ta daɗe tana addabar tankunan man jiragen sama. Waɗannan halittu suna yin wata baƙar yauƙi, suna kuma fitar da sinadarai masu tsami da ke cin ƙarfen tanki. Tun da aka yarda a gauraya dizal na Turai da man tsirrai har kashi 7 cikin ɗari, abin ya ƙara samun wurin zama, don man tsirrai ya fi jan ruwa kuma ya fi sauƙin ci gare su. Sanyi ba ya ƙara musu yawa, hasali ma rage musu kuzari yake yi. Amma matatar da yauƙinsu ya riga ya cinye rabinta, ɗan kaki kaɗan ya isa ya ƙarasa ta. Wannan na cikin dalilan da ke sa tsohuwar mota ta mutu a sanyin da sabuwa za ta wuce lafiya, ko da kuwa a gidan mai ɗaya suka sha.

Yadda ake bin sawun matsalar

Makaniken da ya san aikinsa yakan fara da duban salansa. Idan ƙarfi ya faɗi kuma baƙin hayaƙi na tuƙuƙi, mai yana isa, iska ce ta yi ƙaranci, sai a duba matatar iska. Idan ƙarfi ya faɗi ba tare da wani hayaƙi ba, mai ne ya yanke. Daga nan sai a kwance matatar mai a juye abin da ke ciki a kwalba mai haske. Abu mai kama da man shanu kaki ne. Ɗigo-ɗigo a ƙasan kwalba ruwa ne. Baƙar yauƙi kuwa aikin ƙananan halittu ne, kuma canjin matata kaɗai ba zai magance ta ba sai an wanke tanki.

In an tarar da matata tsaf, saura a nemi iska a cikin bututu. Tsohuwar roba takan ƙanƙance ta taurare a sanyi, famfo ya riƙa zuƙo iska ta bakin mahaɗa ba tare da an ga ɗigon mai a ƙasa ba. Akan gane haka ta hanyar sa guntun bututu mai haske kafin famfon feshi, a ga ko kumfa na wucewa.

Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan fulogin ɗumama silinda ko batir. Waɗannan aikinsu a wajen tayar da inji ne. Motar da ta tashi ta yi tafiya sannan ta sare, ba su ne suka kashe ta ba, kuma sayen sababbi asarar kuɗi ce.

Maganin kaki ɗumi ne. A shigar da mota gareji mai ɗumi na wasu sa'o'i, ko a zuba ruwan zafi a jikin matata, a sa sabuwa idan ta samu, sannan a buga ɗan famfon hannu har iska ta fita. Hura wuta a ƙarƙashin tanki, wanda wasu direbobi ke yi, ganganci ne da kan cinye mota ɗungurum. Sinadaran hana daskarewa da ake sayarwa a kwalabe ba sa narkar da kakin da ya riga ya fito. Hana falle-fallen girma suke yi, don haka sai an zuba su tun man yana garau. Littattafan wasu tsofaffin motoci sun halatta a gauraya kananzir da dizal a lokacin sanyi, wasu har da fetur. Kananzir yana aiki, sai dai yana rage santsin da famfon feshi ke dogaro da shi. Fetur kuwa tururinsa yana kama wuta ko a cikin tsananin sanyi, alhali dizal sai ya haura digiri 55, saboda haka gauraya su tana mai da tanki abin tsoro. A injunan zamani masu feshi da matsanancin ƙarfi, waɗanda suka fara shiga ƙananan motoci a 1997, yin haka na iya lalata famfo gaba ɗaya.

A Kano ko Sakkwato da wuya sanyin hunturu ya kai inda dizal zai daskare, don haka motar da ta sare a wannan lokaci an fi zaton ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska, ko ruwa da datti suka taru a cikin mai. Amma a hamadar Tenere da duwatsun Azbin, inda sanyin daren Janairu kan kusanci sifiri, direban da ya tashi da asuba daga Agadas zuwa Bilma da man da aka tace don ƙasa mai zafi yana iya gamuwa da irin abin da ya sami direbobin Jamus.