Garinmu Sabon Birnin Gobir

Sabon Birni gari ne da ke gabas maso arewa da birnin Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar da ake kira da sunansa. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 200,000 a cikin wannan ƙaramar hukuma, maƙwabciyarta Isa kuwa tana da kusan 150,000. Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai ba su san garin ba sai a labaran rediyo, su kuwa labaran nan galibi ba masu daɗin ji ba ne. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana musu yadda garin yake, da abin da yake ci da shi, da kuma dalilin da ya sa yake ta cika da jama'a.

Wanda ya ji sunan Sabon Birni zai tambaya, to, ina tsohon? Tsohon shi ne Alƙalawa, babban birnin Gobir, inda Bawa Jangwarzo ya yi sarauta. Kufansa yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. A shekarar 1808 ne rundunar jihadi ta ci Alƙalawa, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, Gobirawa suka watse. Sun yi shekaru suna ƙoƙarin sake haɗa kai, har aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba a kansu. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen shekarar 1860 sai saɓani ya shiga tsakanin 'ya'yan sarauta, Ɗan Halima ya ja tasa jama'ar ya dawo kusa da tsohuwar Alƙalawa, ya kafa sabon gari. Shi ya sa tsofaffi sukan ce Sabon Birnin Ɗan Halima. Watau dai tun asali mutanen da suka rasa gida ne suka gina garin.

Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. An raba ƙasa, amma dangi ba su rabu ba. Har yau da wuya ka sami gida a garinmu wanda ba shi da gwaggo ko kawu a Tsibiri ko Gidan Runji ko Maraɗi. Ita kuwa Isa tarihinta dabam ne, don ribaɗi ce ta Daular Usmaniyya, sarautarta tana hannun zuriyar Shehu, ko da yake shi ma mai riƙe da ita Sarkin Gobir ake ce masa. Daga ƙasarta Alhaji Attahiru Bafarawa ya fito, wanda ya yi gwamnan Jihar Sakkwato daga 1999 zuwa 2007.

Baƙo ba ya daɗewa bai gane ya shigo ƙasar Gobir ba. Zai ga tsagar gado a kumatun dattawa, ko da yake yanzu an daina yi wa jarirai. Zai ji ana cewa "hwari" maimakon fari, da "shina" maimakon yana, abin da ke sa abokanmu 'yan wasu garuruwa su yi ta yi mana dariya a ɗakin kwana. In kuma baƙon Bayarabe ne, to, ya shirya wa tsokana, domin Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa.

Arzikin garin a ruwa yake. Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa ta Maraɗi, sa'an nan ya sake karkatowa ya dawo Nijeriya ta wajenmu. Daga kudu kuma gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa ta ƙasar Isa. Waɗannan su ne ke haɗuwa su zama gulbin Rima, wanda aka datse a Goronyo. Da damina ruwa yakan cika ya malale fadama, in ya janye sai ya bar laka mai taushi, wadda ta fi takin kanti albarka. Don haka manominmu sau biyu yake noma a shekara. Da damina yana tudu yana noman gero da dawa da wake, a fadama kuma shinkafa. Da an kawar da amfanin gona, sanyi ya shigo, sai ya koma noman rani, ya dasa albasa da tattasai da tumatir, ya shuka alkama, wani ya yi dankali ko rogo. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya tun asuba. Yanzu ana haƙa 'yar rijiya a bakin gona, a ɗaura injin, mutum guda ya shayar da abin da dā sai an yi gayya. Sai dai injin yana shan fetur, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 ƙananan manoma suka shiga lissafi. Ga kuma masunta, waɗanda ke kama tarwaɗa da ƙarfasa, a banda su a kai kasuwa.

Abu na biyu shi ne ciniki. Ranar kasuwa za ka ga raƙuma da jakuna da amalanken shanu da motocin ɗaukar kaya sun cakuɗe. Mutanen Nijar suna kawo dabbobi da kanwa da dabino, su sayi hatsi da kayan masarufi su koma. 'Yan canji suna zaune da naira da sefa a gabansu. Dillalan dabbobi kuwa ba su da ranar hutu, daga wannan kasuwa sai waccan, har Shinkafi ta Jihar Zamfara da ke ci ranar Alhamis. Saboda haka duk ranar da aka taɓa iyaka sai garin ya ji a jikinsa. An rufe ta a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A ganina waɗanda ke yanke irin wannan shawara a Abuja ba su san cewa a wajenmu mutum yakan ƙetare iyaka don gaisuwar mutuwa kawai ba.

To, noma da ciniki su suka riƙa ƙara garin sannu a hankali, aka sami makarantu da asibiti da sakatariya da shaguna. Wannan girma ne na lafiya. Amma akwai wani girman na biyu, wanda ya fi na farko sauri, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Tun wajen 2019 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan gabashin Sakkwato, sunan Bello Turji ya zama abin da yara ma suka sani. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum sama da 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da wasu ƙauyuka na kusa. A Disambar 2021 aka tare wata motar fasinja wajen Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki. A 2021 ɗin ne gwamnati ta katse layukan waya ta kuma hana cin wasu kasuwannin mako don a toshe wa ɓarayin hanyar abinci da mai, amma talaka ma ya sha wuyar abin. Sa'an nan a 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu a watan Agusta. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan sauran Musulmi. In an yi wa mai rawani haka, ina ga mai fartanya?

Abin da ya biyo baya shi ne ƙaura. Wasu suka ƙetara Jihar Maraɗi wurin dangi, wasu suka nufi Sakkwato, da yawa kuma suka shigo Sabon Birni da Isa, inda ake ganin jami'an tsaro. Gidan da ke da mutum goma ya koma yana da talatin. Zaure ya zama ɗakin kwana, kangon da ba a gama ginawa ba ya sami masu shi. Akwai kuma waɗanda ba su taso gaba ɗaya ba, da la'asar mata da yara su shigo gari su kwana, da safe su koma ƙauye. Mai kallo daga nesa zai ce gari ya bunƙasa, ga jama'a, ga 'yan acaba, ga masu shayi ko'ina, kuɗin haya da na fili sun tashi. Amma a duba da kyau. Mutanen nan su ne dā suke kawo geron da gari ke ci. Yau ga su a cikin gari suna awo da tiya kamar kowa. Baki ya ƙaru, hannun da ke noma ya ragu. Gonakin nesa sun koma saura, waɗanda suka daure suka zauna a ƙauye kuwa sau da yawa sai sun tara kuɗi sun biya 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka, su sake biya kafin girbi. Wannan kuɗi a kan buhun hatsi yake komawa, mai saye a kasuwa shi ke biyansa.

Iyayenmu sun fi mu sanin nauyin wannan, don su ke ciyar da baƙin, kuma ban taɓa jin wanda ya kori ɗan'uwansa daga zaure ba. Abin da ya fi damuna ni ɗalibi shi ne yaran. Makarantun ƙauyukansu sun rufe, na cikin gari kuwa sun cika maƙil, aji guda ya fi ƙarfin malami guda. Tsarata da yawa, waɗanda ya kamata a ce muna zaune tare a aji, suna tura kurar ruwa ko suna bin motocin albasa suna dako. Wasu daga cikin iyayensu sun fara sayen 'yan filaye a bayan gari, a gonakin da dā ake noma gero, suna buga tubali. In ka tambaye su sukan ce da zarar an sami lafiya za su koma gida, amma dai ginin suke yi.