Injin Buga Takardu A Ofishin Ƙungiya: Ku Yi Lissafi Tukuna

Makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, ƙungiyoyinku da dama na son sayen firinta don buga rasit, katin shaida da sanarwa da kansu. To madalla, amma fa kuɗin injin shi ne ƙaramin abu.

Ku fara duba tawada. Mai tawadar ruwa tana da araha, sai dai in ta daɗe ba aiki bakinta kan toshe, kuma ruwa na taɓa takardar rubutun ya dagule. Mai garin tawada, wato leza, rubutunta na jure ruwa, amma tana shan wuta, ƙaramar sola ba ta iya ɗaukarta. Da hunturu ku rufe injin saboda ƙura.

Rim ɗaya takarda 500 ne. Ku buɗe littafi, duk abin da aka buga a rubuta, in ba haka ba takardun biki za su cinye kuɗin ƙungiya.

Takardar da za ta ƙetara daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, ku sa mata Hausa, Faransanci da Turanci. Ga dattawa, a ƙara ajami.

Sai aikawa. Gidan waya ba ya bin makiyayi ruga. Ku raba takardu ranar kasuwa, ta hannun arɗo ko direban da kuka sani, a rubuta sunansa da ranar. Kafin ta fita, ku ɗauki hotonta a waya, domin iyaka kan rufe ba shiri, kamar yadda aka gani a 2019 da 2023.