Sababbin Hanyoyin Talla da Cinikin Amfanin Gona a Ƙasar Kafur

Duk manomin da ya noma abin da ya fi ƙarfin cin gidansa, ko ya so ko bai so ba, ya zama ɗan kasuwa. A ƙasar Kafur da maƙwabtanta, watau Malumfashi da Bakori da Danja da Funtuwa, inda ake noma masara da dawa da waken suya da auduga, ga kuma tumatir da rake a fadamu, noman kansa bai cika zama babbar matsala ba. Matsalar ita ce yadda mai kaya zai san farashin gaskiya, ya kuma sadu da mai saye kafin bukata ta tilasta masa ya sayar da arha da kaka. Wannan makala za ta duba na'urorin zamani da suka shigo wannan fage, da amfaninsu, da kuma iyakarsu.

Yadda Aka Faro

Kafin zuwan na'ura, talla aikin baki ne da ƙafa. Mai shela ya kewaya gari, 'yan talla su bi gida-gida, fatake su kawo labarin kasuwannin nesa, dillali kuwa ya haɗa mai kaya da mai kuɗi ya karɓi la'adarsa. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa har ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, audugar yankin ta sami hanyar fita zuwa masaƙun Ingila, amma a fuloti mai saye shi ke yanka farashi, manomi sai dai ya karɓa. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai tallar kamfanoni har cikin bukkoki. Shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, amfani ya yawaita. Sai dai duk waɗannan hanyoyi magana ce mai tafiya gefe guda: manomi yana jin abin da ake so ya saya, shi kuwa ba ya da kafar sanar da abin da yake da shi.

Wayar Hannu da Sanin Farashi

A 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, kuma wannan ne karo na farko da labari ya riga mota isa kasuwa. Manomi a Gozaki ko Mahuta yana iya tambayar yadda buhun masara ya kwana a Dandume ko a Dawanau ta Kano tun bai ɗaure kaya ba. An auna tasirin wannan a maƙwabciyar ƙasa. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake: idan kowa ya san inda kaya ke tsada, kaya za su nufi can har farashi ya daidaita. Hukuma ma ta gwada wannan hanya a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, inda aka riƙa aika wa manoma saƙon rangwamen taki ta wayoyinsu.

Hoto da Murya

Mataki na biyu shi ne nuna kaya. Hausawa sun daɗe suna ƙin cinikin biri a sama, kuma wayar farko ba ta magance wannan ba, domin ji kawai take kawowa. Wayoyi masu kyamara da intanet su ne suka sa gani ya kori ji. Ta WhatsApp mai hatsi zai ɗauki hoton ƙwayar masararsa ya aika wa ɗan kasuwa a Ibadan ko Legas. Mai shagon taki da maganin feshi a Malumfashi zai tara abokan cinikinsa cikin zaure guda na waya, ya sanar da su isowar kaya a lokaci ɗaya. Abin lura shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ta shigo da shi a 2013, ya fi kowane abu dacewa da karkara, saboda bai bukatar karatun boko. Haka nan matan aure masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da dubulan, waɗanda a da tallarsu ba ta wuce inda ƙafar yarinya za ta kai, yanzu suna iya tallata kayansu a Facebook da TikTok daga cikin ɗakunansu. Ga ma'aikatan ilimi wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin talla tana cikin manyan abubuwan da ke hana 'yan mata zama a aji.

Biyan Kuɗi

Mataki na uku shi ne biya. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki, abin da ya share fagen masu na'urar POS da ake gani a kasuwannin ƙauye. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan canjin fasalin naira a farkon 2023 ya koya wa mutane darasi mai ɗaci. Manoman da ba su da asusu sun riƙa karya farashin kayansu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu, masu asusu kuwa suka ci gaba da ciniki. Bugu da ƙari, a yankin da ɓarayin daji suka addabi hanyoyi, ɗan kasuwar da bai ɗauki tsabar kuɗi ba ya rage wa kansa haɗari.

Iyakar Na'ura

Duk da haka, waɗannan na'urori suna da iyaka ta fuska biyu. Ta farko, rayuwarsu na rataye a kan turakun sadarwa da wutar caji. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, har zuwa watan Disamba. A waɗannan watanni, waɗanda suka zo daidai da kaka, 'yan kasuwa sun koma tafiya wasu garuruwa domin buga waya kawai.

Ta biyu ita ce amana. Hoto yana nuna saman buhu, ba ya nuna abin da aka cusa a ƙasansa. Mazambata kuma sukan nuna saƙon biya na ƙarya su kwashe kaya. Shi ya sa dillali bai ɓace ba kamar yadda wasu suka zata. Shi ma ya sayi waya, aikinsa ya tashi daga kawo labarin farashi ya koma tsayawa shaida a kan ingancin kaya da gaskiyar mai saye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa na'ura ta gajarta tazara uku: ta sanin farashi, ta ganin kaya, da ta biyan kuɗi. Abin da ya rage aikin mutane ne. Ya kamata malaman gona su riƙa tattara farashin manyan kasuwannin yankin kowane mako su watsa shi da murya cikin harshen Hausa. Ya kamata ƙananan hukumomi su tsaya a kan daidaita awo, domin mudu da tiya da buhu sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma ba a yin cinikin nesa sai da ma'auni guda. Ƙungiyoyin manoma su haɗa kayansu ƙarƙashin suna ɗaya da mai saye zai amince da shi. Ɗalibai kuwa, musamman 'ya'yan yankin, akwai filin bincike a gabansu: a bi buhu ɗaya tun daga gona a Kafur har zuwa hannun mai saye na ƙarshe, a ga nawa ne daga cikin kuɗin ya komo wa wanda ya riƙe fartanya.