Saɓanin Likitoci Kan Tumbi, Sukari Da Hawan Jini

Likitoci ma suna da nasu saɓanin. A 1988 Dakta Gerald Reaven na Amurka ya ce hawan jini da hauhawar sukari da kitsen jini tushensu ɗaya ne, watau jiki ya rage jin sinadarin insulin. Daga baya aka ƙara girman tumbi. Amma a 2005 ƙungiyoyin likitocin ciwon sukari na Amurka da Turai suka ce hujjar ƙidaya su cuta guda ba ta cika ba, a yi wa kowace illa maganinta. Mu dai abin da ya fi damunmu shi ne awon ƙugu, santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. A jikin Turawa aka tsayar da shi, kuma da shi ake auna ɗan kasuwar Kurmi.