Irin Furen Kolumbain da Buƙatarsa ta Sanyi

Kolumbain fure ne na ƙasashe masu sanyi a Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, kuma masana tsirrai sun tattara nau'o'insa kimanin 70 a ƙarƙashin sunan Aquilegia. Ana shaida shi da tsini biyar masu kama da ƙaho da ke bayan furen, inda ruwan zaƙin da ƙudan zuma da tsuntsaye ke sha yake taruwa. Nau'insa mai launin shuɗi da fari, wato Aquilegia coerulea, shi ne jihar Kolorado ta Amurka ta ɗauka a matsayin furenta a shekarar 1899.

Wahalar shuka shi daga iri tana tattare da wata ɗabi'a da masana ke kira barcin iri, wato halin da ƙwaya take ƙin tsirowa ko da ta sami ruwa da ƙasa mai kyau. A dawa, irin yakan nuna ya zube a ƙarshen lokacin zafi, alhali ɗan tsiron da ke cikinsa bai gama girma ba, kuma da zai fito a lokacin, da ƙanƙara ta kashe shi tun yana ƙarami. Sanyi mai danshi na makonni ne yake rage sinadarin da ke hana tsiro a cikin ƙwayar, don haka ba ta motsawa sai sanyi ya wuce.

Saboda haka masu lambu kan ƙirƙiro wa irin lokacin sanyi da hannunsu. Sukan cakuɗa shi da yashi mai ɗan danshi, su rufe a leda, su ajiye a firji a kan ma'aunin Salsiyas 4 ko 5 na tsawon mako 3 zuwa 4, sannan su barbaɗa shi a saman ƙasa su ɗan danna ba tare da binnewa ba, domin ƙwayar ƙarama ce kuma haske yana taimaka mata. A ɗumin digiri 15 zuwa 21 yakan tsiro cikin kusan wata guda, kodayake tsohon iri yakan ɗauki lokaci fiye da haka. Tun da saiwarsa doguwa ce mai nutsewa, ana dasa shi yana ƙarami, a inda rana ba ta dukansa yini guda.

Galibi ba ya yin fure sai a shekara ta biyu, kuma gindi ɗaya ba ya cika wuce shekara 3 ko 4, amma yana zubar da iri mai yawa da ke maye gurbinsa. Nau'o'insa suna barbarar juna cikin sauƙi, shi ya sa 'ya'yan kan fito da launin da ba na uwar ba, kuma mai son launi guda dole ya nisanta nau'o'in da juna. Irinsa da saiwarsa suna ɗauke da guba, don haka ake ajiye su nesa da yara da dabbobi.