Tsargiya a Fadamar Haɗeja: Jarrabawar Likita da Kuɗin Baitulmali

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san arzikinta yana cikin ruwanta, domin kogin nan da ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya biyo ta Wudil da Ringim, idan ya iso ƙasar Auyo da Haɗeja da Kiri Kasamma da Guri sai ya bazu cikin fadamu, ya shayar da shinkafa da alkama da tattasai, ya ciyar da masunta da makiyaya, kafin ya haɗu da kogin Jama'are su nufi tafkin Chadi. Amma a cikin wannan ni'ima akwai wata cuta wadda ta daɗe tare da mutanen bakin kogi, har sabo ya sa da yawa sun daina lissafa ta cikin cututtuka, wato tsargiya, wadda alamarta ita ce jinin da yake biyo bayan fitsari. A ƙauyuka da dama, idan yaro ɗan shekara goma ko sha biyu ya fara ganin wannan jini, sai manya su ce alamar balaga ce, kuma zai wuce. Haƙiƙa jinin yakan ragu idan yaron ya girma, sai dai ɓarnar da ke ciki tana nan tana ci gaba a ɓoye.

Asalin cutar wata tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya fara gani a birnin Alƙahira cikin shekarar 1851. Mai ɗauke da ita idan ya yi fitsari a ruwa ko a gaɓarsa, ƙwayayenta sukan fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai zama cikin ciyayin ruwa, su hayayyafa a cikinta na 'yan makonni, sa'an nan su fito dubbai suna yawo, ido ba ya ganinsu. Wanda ya shiga ruwan, ko don wanka, ko su, ko dashen shinkafa, ko wankin tufafi, sai su huda fatarsa ba tare da ya ji wani ciwo ba in banda ɗan ƙaiƙayi, su bi jini har su girma, namiji da mace su haɗu su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, inda macen za ta yi shekaru tana zuba ɗaruruwan ƙwai kowace rana. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa. Waɗanda suka sami hanya sukan keta bangon mafitsara su fita, shi ne jinin da ake gani. Waɗanda suka maƙale kuwa su ne musibar, domin jiki yakan kewaye su da tabo, tabon ya taurara, ya ƙuntata bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsari ya riƙa komawa baya har ƙoda ta kumbura ta lalace. A wasu mutane kuma, bayan shekara ashirin ko talatin, sai sankara ta tsiro a mafitsarar, abin da masana suka tabbatar tun daga binciken da aka yi a Masar a farkon ƙarni na ashirin. Mata ma ba su tsira ba, don ƙwan yakan zauna a mahaifa da farji ya haddasa ciwo da zubar jini, har a yi ta yi musu maganin sanyi ba a dace ba.

Sauyin da aka yi wa kogin ya ƙara wa katantanwar wurin zama. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, aka kuma datse ruwa a Auyo domin noman rani, ruwan da a dā yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma mai kwanciya a magudanai da kududdufai shekara zagaye, kacala kuma ta cika hanyoyinsa ta rage masa gudu. Ba mai hankalin da zai ce a bar noman rani, don shi ne ya rufa wa dubban gidaje asiri. Abin da adalci ya hukunta shi ne, hukumar da ta kawo ruwan ta lissafa cutar da ke biyo shi cikin kuɗin aikin tun daga farko.

Idan ciwo ya kai ga toshewar fitsari, ko tsakuwa, ko sankara, to ya wuce hannun malamin asibitin ƙauye, ya zama na likitan fiɗa wanda ya ƙware kan mafitsara da ƙoda da hanyoyin fitsari. Shi ne kuma mai duba dattawan da ƙullutun nan na bakin mafitsarar maza ya kumbura musu har fitsari ya gagara, aka sa musu roba suna yawo da ita wata da watanni suna jiran ranar tiyata. Irin waɗannan likitoci ƙalilan ne a Nijeriya idan aka gwada da yawan jama'a, kuma galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002, da na Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Saboda haka tambayoyi biyu suke gabanmu, ta yadda ake tabbatar da ilmin wanda za a damƙa wa wuƙa, da ta wanda zai ɗauki nauyin karatunsa da nauyin hana cutar tun ba ta kai ga wuƙar ba.

Jarraba likita kafin a sakar masa marasa lafiya tsohuwar sunna ce a tarihin Musulmi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya umarci muhtasibi ya hana kowa yin magani sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi izini a rubuce, aka ce waɗanda aka jarraba sun kai kimanin 860. A Andalus kuma Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa Attasrif yadda ake fitar da tsakuwa daga mafitsara, ya kuma zana surar kayan aikin. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai tsayawa da su, laifin yana kan mutanen garin baki ɗaya. Malaman fiƙihu kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilminsa ba. Hukunce-hukuncen nan biyu tare suke tafiya: na farko ya wajabta wa al'umma ta samar da likita, na biyu ya wajabta mata ta tantance shi.

A zamaninmu hukumomi biyu ne ke riƙe da wannan aikin hisba a fannin tiyata, Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ya koma 1960, da Kwalejin Ƙasa ta Horar da Ƙwararrun Likitoci da aka kafa a 1979, mai mazauni a Legas. Yaron da ya gama shekara shida a makarantar likitanci, ya yi shekarar gwaji a asibiti, ya yi hidimar ƙasa, sai ya fara da jarrabawar share fage a kan ƙirar jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki da yadda cuta ke ɓata su. Idan ya ci, ya kuma sami gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi, zai yi shekaru yana zagaya sassan tiyata, yana rubuta kowane aiki da ya yi ko ya taimaka a cikin littafin da malamansa ke sa wa hannu, sa'an nan ya zauna jarrabawar mataki na ɗaya, a rubuce da baki da kuma duba marar lafiya a gaban masu jarrabawa. Bayan wannan ne zai keɓe ga mafitsara da ƙoda na wasu shekaru, ya yi bincike ya rubuta kundi, ya kare shi a jarrabawar ƙarshe. Da wuya mutum ya fito daga wannan hanya bai doshi shekara arba'in ba, kuma faɗuwa sau ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne.

Ina cikin masu ganin kada a sassauta wannan tsanani ko kaɗan, don mai noman shinkafa a Guri ya cancanci hannu mai ƙwarewa daidai da attajirin Abuja. Abin da nake so a duba shi ne abin da ake aunawa. Manyan littattafan wannan fanni an rubuta yawancinsu a Ingila da Amurka, inda sankarar mafitsara ta fi zuwa daga taba sigari, take kama tsofaffi, ake kuma gano ta da wuri. Tamu kuwa ta yankin tsargiya wani jinsi ne dabam, tana kama magidanci yana tsakiyar ƙarfinsa, kuma sau da yawa ba ya isa asibiti sai ta riga ta ci bango. Ya kamata ɗalibi ya san na'urorin zamani, amma ya kamata kuma a tambaye shi, da nauyin maki mai yawa, me zai yi idan aka kawo masa mutum da dare fitsari ya tsaya, ba hoton ciki, ba wutar lantarki mai ɗorewa. Yaya zai gane ƙwan tsargiya a madubin likita. Yaya zai bayyana wa dattijo da Hausa ko Fillanci ko Barbarci abin da za a cire masa, har ya yarda bisa fahimta. Hanyar tabbatar da wannan ilmi ita ce a shar'anta wa kowane ɗalibi ya yi wasu watanni a babban asibiti irin na Haɗeja ƙarƙashin kulawar malaminsa, a lissafa masa su cikin horonsa. Garin Jahun ya nuna cewa aiki mai wuya yana yiwuwa a wajen birni, domin tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aiki da gwamnatin Jigawa a asibitin garin, ana ɗinke wa mata yoyon fitsari.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gindin al'amarin. Likita mai neman ƙwarewa yana biyan kuɗin jarrabawa, da na kwasa-kwasan da aka wajabta, da na tafiya Ibadan ko Legas ko Abuja, da na binciken kundinsa. An yi dokar horar da ƙwararrun likitoci wadda aka sa wa hannu a 2018, aka tanadi asusun da zai ɗauke musu wannan nauyi, amma jinkirin biyansa ya sha shiga cikin dalilan yajin aikin ƙungiyarsu, kuma waɗanda ke aiki a ƙarƙashin jihohi sai jiharsu ta ga dama. Wanda ya ci bashi ya yi karatu, ranar da ya karɓi shahadarsa, Saudiyya da Ingila suna jiransa da albashin da ba za mu iya gasa da shi ba. Ba kuwa zan zarge shi ba, don ba a riƙe mutum da wa'azi alhali ɗakin tiyatarsa babu kayan aiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, maganin tsargiya kansa mai sauƙi ne ƙwarai. Ƙwayar praziquantel, wadda aka samar a Jamus cikin shekarun 1970, ana shan ta sau ɗaya bayan an ci abinci, ana auna adadin da yaro zai sha da sandar gwada tsawo, malamin makaranta ma yana iya rabawa idan an koya masa. Kamfanin Merck yana bayar da ita kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007, har ya yi alkawarin ƙwaya miliyan 250 a shekara. Sai dai tana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ta hana sabuwa shiga, shi ya sa a 2022 hukumar ta ba da shawarar a riƙa rabawa kowace shekara ga kowa daga ɗan shekara biyu, a duk garin da mutum ɗaya cikin goma yake ɗauke da cutar. Kuɗin da ake bukata na mota ne da mai, da horar da masu rabo da ɗan alawus ɗinsu, da bin almajirai da 'ya'yan masunta da na Fulani waɗanda ba a samun su a aji. Wannan ɗan kuɗi ne muka bar wa baƙi shekara da shekaru, ga shi kuwa Ingila ta yanke tallafinta na irin waɗannan cututtuka a 2021, Amurka kuma ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, alhali Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu bukatar wannan magani. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa shi.

Injin wankin ƙoda abu ne da ake gani, ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, kuma masu ciwon ƙoda, waɗanda yawansu a kwarin Haɗeja har zuwa Gashuwa ya daɗe yana tayar da hankali, suna da haƙƙin a saya musu shi. Rabon ƙwaya a makarantar ƙauye ba shi da biki, amfaninsa ba ya bayyana sai bayan shekara ashirin, lokacin da wanda ya sa hannu a takardar ya daɗe da barin kujera, shi ya sa yake zama na farko da ake sharewa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Don haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jigawa, musamman wakilan ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, su sa wa yaƙi da tsargiya layinsa na kansa a kasafin kuɗi, tare da rijiyoyin burtsatse da makewayi a garuruwan bakin ruwa, su kuma riƙa tambaya a ƙarshen shekara nawa aka saki, yara nawa suka sha. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin 'ya'yanta masu son wannan fanni tun daga jarrabawar farko har ta ƙarshe, bisa yarjejeniyar za su dawo su yi aiki na wasu shekaru, ta kuma tanadar musu ɗakin tiyata mai kaya kafin su dawo. Limamai da hakimai da masu unguwanni su faɗa wa jama'a a fili cewa jinin fitsari cuta ce mai magani. Kai kuma mai karatu, idan akwai yaro a gidanka da ke ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, ka kai shi asibiti a auna fitsarin cikin wannan mako.