Karayar ƙugu wurin yaro da kwikwiyo

Ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai wani siririn guringuntsi. Daga nan ne ƙashi yake ƙara tsawo. Idan girma ya ƙare, sai guringuntsin ya daskare ya zama ƙashi. Wurin kare, na ƙugu yana daskarewa kafin ya shekara ɗaya. Wurin mutum kuwa, sai wajen shekara 14 zuwa 18.

Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, yana zaune cikin wani rami na ƙashin ƙugu. Guringuntsin girma yana ƙarƙashin ƙwallon, kuma nan ne wuri mafi rauni. Idan jaki ya harbi kwikwiyo, ko yaro ya faɗo daga amalanke, ƙwallon yana iya tsayawa cikin raminsa, sauran ƙashin ya goce. A shekarar 1963, likitoci biyu na ƙasar Kanada, Salter da Harris, sun kasa irin wannan karaya kashi 5.

Kwikwiyo yakan ɗaga ƙafar, ya yi tafiya da uku. Yaro kuwa sai ya yi ɗingishi, tafin ƙafarsa ya juya waje. Wani lokaci ma ba faɗuwa: wurin ƴan shekara 10 zuwa 16, musamman masu ƙiba, ƙwallon yana zamewa sannu a hankali. Abin ruɗarwa shi ne, sau da yawa gwiwa yaron zai ce tana ciwo, alhali ciwon yana ƙugu.

A Danciyawo, in an samu karaya, maɗori ake fara tunawa. Amma ƙugu yana can cikin tsoka, kara da tsumma ba su iya riƙe shi. Ja da murzawa kuma ɓarna suke ƙarawa, domin ƴan jijiyoyin da suke kai wa ƙwallon jini suna iya tsinkewa. In jini ya yanke, ƙwallon ya mutu, ƙafa ta gajarce har abada.

Saboda haka ba a barin yaron ya taka. A kwance ake ɗaukarsa zuwa gidan likita. Daga nan a tura shi asibitin Magariya ko babban asibitin Damagaram, a ɗauki hoton ƙashin. Likita yakan yi aiki, ya kafe ƙwallon da ƙusar ƙarfe. Kwikwiyo shi ma sai a hana shi gudu, a nemi likitan dabbobi.